Yadda Ake Tace Gajeren Bidiyon Talla da Saka Masa Sauti Don Ya Riƙe Mai Kallo

Mutumin da yake jan allon wayarsa da babban yatsa a TikTok ko Instagram ko YouTube bai zo don ya kalli tallar kowa ba, kuma tsakanin bidiyonka da wanda yake biye da shi babu komai sai motsin yatsa guda. Ko a tallar da ake biyan kuɗi a YouTube, galibi daƙiƙa 5 kacal ake tilasta wa mai kallo ya jira kafin maɓallin tsallakewa ya bayyana, a Shorts da Reels da TikTok kuwa ko wannan ɗan jinkirin babu. Wannan ne ya sa masu talla da yawa suke cika bidiyonsu da walƙiya da juye-juyen hoto da ƙarar abubuwa, bisa zaton cewa hayaniya ce take tsayar da mutum. A ganina abin da yake tsayar da shi shi ne ya gane abin da ake nuna masa nan take, sannan ya ji a ransa cewa akwai saura. Tacewa da sauti su ne kayan aikin da ake cimma hakan da su, kuma suna da jerin da ya kamata a bi: a fara da yanka, a bi da murya, sai kiɗa, a ƙarshe kuma sautukan ado. Wanda ya fara daga ƙarshe yakan ɓata awanni yana yi wa gaɓar da daga baya zai jefar kwalliya.

Domin bayanin ya zauna sosai, za mu ɗauki misali guda mu bi shi har ƙarshe, wato tallar jakar goyo wadda ruwa ba ya ratsa ta, a bidiyo mai tsawon daƙiƙa 20.

Mataki na farko: abin da ake yi kafin a buɗe manhaja

Ka rubuta saƙon bidiyon a jimla guda. A misalinmu jimlar ita ce ruwan sama ba zai taɓa kayan da ke cikin wannan jaka ba. Duk gaɓar da ba ta yi wa wannan jimla hidima ba, komai kyanta, ta jira wani bidiyon. Jakar tana iya kasancewa tana da aljihu bakwai da launi huɗu, amma daƙiƙa 20 ba za su ɗauki wannan duka ba tare da saƙon ya narke ba.

Wajen ɗauka, ka riƙe wayar a tsaye, domin ma'aunin waɗannan dandamali shi ne 9:16, wato fikzal (ƙananan ɗigon da suke haɗuwa su zama hoto a allo) 1080 a faɗi da 1920 a tsawo. Firem 30 a daƙiƙa, wato hotuna 30 da kyamara take ɗauka a jere cikin daƙiƙa guda, ya isa ga yawancin aiki, amma gaɓar da kake so ka rage mata gudu daga baya, kamar zubar ruwa a kan jakar, ka ɗauke ta a firem 60, saboda idan ka mayar da ita rabin gudunta za ta sauka daidai kan 30 ba tare da tsalle-tsalle ba. Ka ɗauki kowane abu daga nesa da kuma daga kusa ƙwarai, kamar hannu yana jan zif da ɗigon ruwa yana gangarowa a jikin yadi, domin waɗannan ƙananan hotuna ne za su cece ka a lokacin yanka. Kafin ka tashi daga wurin, ka kusanto da makirufo ka naɗi ƙarar zif ɗin da ta ruwan su kaɗai, sannan kowa ya yi shiru ka naɗi kimanin daƙiƙa 20 na amon wurin. Amfaninsu zai zo a gaba.

Mataki na biyu: buɗewa

Ko da manhajar tacewa ta CapCut kake aiki a waya, ko InShot, ko DaVinci Resolve da Premiere Pro a kwamfuta, aikin farko iri ɗaya ne. Ka duba duk abin da ka ɗauka, ka nemo gaɓar da ta fi kowace ƙarfi, ka kai ta farkon bidiyon. Mutane da yawa suna ɓoye ta don ta zo a ƙarshe, alhali wanda za a nuna wa ita ya riga ya wuce. A tallar jakar, firem na farko ya kamata ya zama bokitin ruwa ya riga ya karkata, ruwan yana kan hanyarsa ta sauka a kan jakar da aka ga an saka waya a cikinta. Babu buƙatar a ga mutum yana ɗaukar bokitin ko yana gyara tsayuwa. Tambayar da za ta faɗo wa mai kallo, wato ko wayar za ta tsira, ita ce za ta riƙe shi har a buɗe zif.

Abubuwa uku ne suka fi kashe buɗewa: tambarin kamfani yana juyawa a allo, doguwar gaisuwa, da baƙin allo da yake washewa a hankali. Tambari yana da wurinsa a ƙarshe, ko kuma a bar shi ya bayyana a jikin kayan kansa. Gaisuwa kuwa, duk da cewa ladabi ce, a bidiyon daƙiƙa 20 tana iya cinye kashi ɗaya cikin biyar na lokacin tun ba a faɗi komai ba.

Mataki na uku: yanka

Yanzu sai ka jera sauran gaɓoɓin, ka kuma kashe sauti gaba ɗaya ka kalla. Idan labarin bai fito da hoto kaɗai ba, babu kiɗan da zai fito da shi. A namu misalin jerin zai iya zama haka: ruwa ya sauka, an nuna ɗigon ruwa yana zamewa daga kusa, hannu ya ja zif, an fito da wayar a bushe tana haske, an nuna mutum ya goya jakar yana tafiya, sai umarnin abin da mai kallo zai yi.

Daga nan ka shiga datse kowace gaɓa daga kai da wutsiya. Kusan kowane hoto yana da ɗan lokaci a farkonsa da ba a fara komai ba, da wani a ƙarshensa da an riga an gama. A firem 30 a daƙiƙa, firem 10 da aka bari a banza sulusin daƙiƙa ne, kuma idan aka yi haka a gaɓa takwas an yi asarar kusan daƙiƙa 3. Mafi kyawun wurin yanka shi ne tsakiyar motsi. Idan hannu ya fara jan zif a hoton nesa, ka yanka tun bai gama ba, ka shiga hoton kusa inda zif ɗin yake ci gaba da tafiya. Ido yana bin motsin, don haka ba ya lura da cewa an sauya hoto.

Idan akwai mai magana yana fuskantar kyamara, ka cire dogon numfashi da inda-inda da maimaici. Hakan zai sa kansa ya riƙa yin ɗan tsalle a wurin kowane yanka, kuma ana rufe wannan ta hanya biyu. Ko dai ka ɗora ɗaya daga cikin hotunan kusa a kan wurin muryarsa tana ci gaba a ƙasa, ko kuma ka ƙara girman gaɓa ta biyu da kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, ta yadda za ta yi kama da an ɗauke ta da wata kyamarar. Idan ƙarin ya yi kaɗan sai ya zama kamar kuskure, idan kuma ya yi yawa hoton ya dushe, sai fa in ka ɗauka a 4K tun farko, wato ma'aunin hoto mai yawan fikzal fiye da na 1080.

Akwai wata dabara da masu tace fina-finai suka daɗe suna amfani da ita wadda take yi wa gajeren bidiyo amfani ƙwarai, wato a bar sautin gaɓa mai zuwa ya shigo kafin hotonta. Ana cikin kallon ɗigon ruwa sai a fara jin ƙarar zif, bayan firem biyar ko shida kuma hoton zif ɗin ya bayyana. Kunne ya riga ya sanar da ido abin da ke tafe, sai sauyin ya zo kamar amsar tambaya. Ana kuma yin akasin haka, a bar sautin gaɓar da ta wuce ya ɗan bi sabuwar. Don yin wannan sai ka raba sauti da hoto, abin da kowace daga cikin manhajojin da aka ambata tana iya yi.

Game da salon sauyin hoto da manhaja take bayarwa kyauta, irin su juyawa da tarwatsewa da naɗewar shafi, shawarata ita ce a bar yawancinsu a inda suke. Yanka kai tsaye ya fi su tsabta sau tara cikin goma. Idan za ka yi amfani da ɗaya, ka zaɓi guda ka tsaya a kansa, ka kuma ajiye shi a wurin da labarin ya juya. Walƙiya kuwa tana da wata matsalar ta daban, domin ƙa'idojin sauƙaƙa amfani da intanet ga kowa sun yi gargaɗi a kan hasken da yake walƙawa fiye da sau uku a daƙiƙa guda, saboda yana iya tayar wa masu farfaɗiya ciwonsu.

Mataki na huɗu: rubutu a allo

Mutane da yawa suna kallo a inda ba za su iya buɗe sauti ba, don haka duk maganar da aka yi a bidiyon a rubuta ta. Kalmomi uku zuwa biyar a lokaci guda sun isa, da manyan haruffa farare masu baƙin gefe ko inuwa. Ka nisanta rubutun daga ƙasan allo da gefen dama da can sama, domin nan ne manhajojin suke ɗora sunan mai shafi da bayanin bidiyo da maɓallan so da rabawa. Idan manhaja ce ta rubuta maka maganar da kanta, ka karanta kalma bayan kalma ka gyara. Mai rubutu da Hausa kuma ya gwada salon harufan da ya zaɓa da ƙ da ɗ da ɓ tun kafin ya yi nisa, saboda salo da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma ko harafin ya fito da wata siffa dabam.

Mataki na biyar: murya

Mai kallo yakan yafe hoto mai ɗan duhu, amma da wuya ya yi haƙuri da muryar da ba ya ji sosai. Gyaran murya yana farawa ne daga naɗa. Makirufo ya kasance kimanin taƙi guda, wato faɗin buɗaɗɗen tafin hannu, daga baki, a ɗakin da yake da labule da katifa ko kujerun laushi, domin bango tsirara yana dawo da amsa-kuwwa wadda cire ta daga baya aiki ne mai wuya. A kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki.

A wajen tacewa, ka fara da yanke duk amon da yake ƙasa da hez 80 zuwa 100 (hez shi ne ma'aunin kauri ko kaifin sauti, ƙaramar lamba tana nufin amo mai kauri), domin a nan gurnanin iska da na injina suke taruwa, kuma muryar mutum ba ta rasa komai mai amfani idan an cire shi. Idan maganar ta yi nauyi ba ta fita, ɗan ƙari tsakanin hez 2,000 da 4,000 yakan fito da baƙaƙe. Maɓallin rage hayaniya yana taimakawa, amma idan aka danna shi har ƙarshe sai muryar ta koma kamar ta wanda yake magana daga cikin ruwa. Audacity, wadda kyauta ce, tana iya yin duk wannan idan manhajarka ta waya ta gaza. A wuraren da ka yanke numfashi kuma, inda sauti ya mutu tsit, ka shimfiɗa amon wurin nan da ka naɗa a ƙasa, don kada kunne ya riƙa jin ramuka tsakanin jimloli.

Ma'aunin sauti a manhaja yana ƙarewa ne a sifili, kuma duk abin da ya kai can ya yi ja zai fashe. Ka bar ƙololuwar murya tana kaiwa tsakanin disibel 12 da 6 a ƙasa da sifili (disibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), domin a samu wurin da za a ɗora sauran abubuwa.

Mataki na shida: kiɗa

Ka zaɓi kiɗan da babu waƙa a cikinsa idan akwai magana a bidiyon, saboda murya biyu ba sa shiga kunne lokaci guda. Ka kuma yanke doguwar shimfiɗar da yawancin kiɗa yake farawa da ita, ka fara daga inda ganga ta riga ta shigo. Lissafin daidaita yanka da bugu mai sauƙi ne. Kiɗan da yake bugu 120 a minti yana bugawa sau ɗaya a kowane rabin daƙiƙa, wato kowane firem 15. Ka sa alama a kan bugun, sannan ka ja manyan sauye-sauyen hotonka su faɗa a kansu. Kada ka yanka a kowane bugu, domin bayan daƙiƙa kaɗan mai kallo zai iya hasashen lokacin yanka na gaba, kuma abin da aka iya hasashensa ya daina jan hankali. Wata gaɓar ta ɗauki bugu biyu, wata huɗu, wata kuma ɗaya tak.

A duk inda ake magana kiɗa ya sauka ƙasa da muryar da kimanin disibel 15 zuwa 20, ya kuma tashi idan an yi shiru. Manhajoji da yawa suna yin wannan da kansu, amma yin sa da hannu ya fi ba da iko.

Batun haƙƙin mallaka bai kamata a yi wasa da shi ba. Waƙar da take tashe a TikTok an ba da izininta ne ga masu amfani na yau da kullum, shi ya sa shafukan kasuwanci suke da nasu rumbun kiɗan na daban da aka tanada don talla. Meta ma tana da rumbun sautinta, YouTube kuma tana da nata a cikin YouTube Studio, tare da tsarin Content ID da yake gano kiɗan wani a bidiyonka ko da ɗan guntu ne. Izinin da wani dandamali ya bayar ba lallai ne ya bi bidiyon zuwa wani dandamalin ba, don haka ka karanta sharuɗɗan kafin ka watsa bidiyo guda a wurare uku.

Mataki na bakwai: sautukan ado

A nan ne yawancin masu koyo suke zarce gona da iri, kuma a nan ne ƙwararre yake bambanta. Sautukan ado kashi biyu ne. Kashi na farko su ne na gaskiya, wato ƙarar abin da ake gani a allo. A masana'antar fim ana kiran sana'ar ƙirƙirar su da sunan Jack Foley, wanda ya yi aiki a kamfanin Universal a Amurka tun daga ƙarshen shekarun 1920, yana kallon hoto yana kwaikwayon takun ƙafa da motsin tufafi a gaban makirufo. A talla waɗannan su ne suka fi daraja, domin su suke sa a ji kamar an taɓa kayan da hannu. Ruwa ya zubo shaa a kan yadi, zif ya tafi ziii ba tare da sarƙewa ba, maɓallin ɗamara ya shiga ƙas. Wannan ƙas ɗin yana gaya wa mai kallo cewa jakar tana da ƙwari fiye da yadda jimla guda za ta gaya masa. Abin da makirufon waya ya kama daga nesa yakan zama siriri, shi ya sa ake ɗora wanda aka naɗa daga kusa a kansa. Wani lokacin ma ana haɗa biyu ko uku su zama ɗaya, kamar a haɗa faɗuwar ruwa mai nauyi da feshinsa mai kaifi da ɗigon da yake biyo baya.

Kashi na biyu su ne waɗanda babu su a zahiri, aikinsu kawai nuni ne. Akwai na iska mai wucewa fuu, wanda ake sa wa a sauyin hoto ko shigowar rubutu. Akwai mai hawa, wanda yake farawa ƙasa-ƙasa yana ƙaruwa don ya gina jira. Akwai mai dira dum, wanda yake sauka a kan babban lokaci. Akwai kuma ƙananan ƙyas da tik na fitowar kalma ko lamba. A bidiyon daƙiƙa 20, uku zuwa biyar daga cikin waɗannan sun wadatar. Idan kowane rubutu ya shigo da nasa fuu, kunne zai daina jin su baki ɗaya, kuma lokacin da kake buƙatar ɗaya ya yi aiki ba zai yi ba.

Daidaita lokaci shi ne rabin aikin. Ka faɗaɗa layin tacewa har ka riƙa ganin firem ɗaya-ɗaya, ka kuma dubi zanen igiyar sautin. Mai dira ya faɗa daidai kan firem ɗin da abu ya faru. Idan dole ne a yi kuskure, gara ya makara da firem guda da ya riga hoto, saboda a rayuwa haske yana riga sauti isowa, sauti yana tafiyar kimanin mita 343 ne kawai a daƙiƙa, don haka ƙwaƙwalwa ta saba da ɗan jinkiri amma tana saurin ƙin ƙarar da ta zo kafin abin da ya haifar da ita. Na iska kuwa yakan fara firem kaɗan kafin yanka, ta yadda tsakiyarsa mafi ƙarfi za ta dace da sauyin hoton. Mai hawa ya ƙare daidai inda mai dira zai fara.

Shiru ma sauti ne da ake iya sakawa. A tallar jakar, ka bar mai hawa ya bi zif yana buɗewa, sannan ka yanke komai, har da kiɗa, na tsawon rabin daƙiƙa a lokacin da hannu ya shiga ciki. Da wayar ta fito tana haske sai kiɗan ya dawo da ƙarfinsa. Wannan rabin daƙiƙa yakan yi tasirin da ƙara goma ba za su yi ba, muddin sau ɗaya aka yi shi.

Game da inda ake samun su, manhajojin tacewa suna da nasu, akwai kuma Freesound, wanda wata jami'a a Barcelona ta ƙasar Sifaniya ta kafa a 2005. A can kowane sauti yana da nasa lasisi. Mai alamar CC0 ana amfani da shi yadda aka ga dama, mai BY yana buƙatar a ambaci mai shi, mai NC kuwa bai halatta a talla ba. Sautukan barkwanci da kowa ya riga ya ji sau dubu suna rage wa kaya daraja, sai dai idan tallar da kanta ta raha ce.

Mataki na takwas: fitarwa da gwaji

Kafin ka fitar, ka saurari bidiyon sau uku: da abin saƙawa a kunne, da lasifikar waya, sannan da sauti a kashe. Lasifikar waya ba ta iya fitar da amo mai zurfi, don haka dum ɗin da ya girgiza ka a kunne yana iya ɓacewa ɗungurungum a can, kuma maganinsa shi ne a ɗora masa wani ɗan sauti mai kaifi a kai. Idan manhajarka tana auna ƙarfin sauti gaba ɗaya da ma'aunin LUFS, ka nufi wajen 14 a ƙasa da sifili, domin YouTube tana rage duk abin da ya wuce nan, ƙarin ƙara ba zai ba ka wani fifiko ba. Ka fitar a MP4 da tsarin H.264, a 1080 da 1920, a adadin firem ɗin da ka yi aiki da shi, kuma ba tare da tambarin wata manhaja a jiki ba. Ka aika fayil ɗin zuwa wayar da za a ɗora shi a matsayin takarda ko ta kebul, saboda manhajojin hira suna matse bidiyo su rage masa kyau.

Bayan kwana biyu ko uku da ɗorawa, ka buɗe shafin alƙaluma ka dubi zanen da yake nuna inda mutane suke barin bidiyon. Idan layin ya faɗi a daƙiƙa biyun farko, buɗewar ce ba ta yi ba. Idan ya gangara a tsakiya, ka koma daidai wannan daƙiƙar ka ga wace gaɓa ce ta yi tsawo ko ina kiɗa ya danne magana. Sannan ka sake fitar da bidiyon da canji guda kawai, misali a buɗe da wayar da ta fito a bushe maimakon bokitin ruwa, ka bar sauran yadda suke, ka kwatanta zanen biyu.